Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aiki Kafin a Miƙa wa Wakilin AI

Wakilin AI, wato manhajar da ke karanta saƙon mutum ta aiwatar masa da aiki da kanta, ba ya ganin kod ɗin da ka rubuta. Bai san shagon da ka yi wa aikin ba, bai taɓa shiga Kasuwar Gumi ba, bai san yadda Alhajin naka yake sayar da kaya ba. Abin da ke isa gare shi uku ne kacal: sunan kayan aikin (wato guntun kod ɗin da ka tanadar masa ya kira don wani aiki, kamar duba farashi), 'yan jimlolin da ka rubuta kana bayyana shi, da guraben da zai cike in zai kira shi. Da waɗannan ukun yake yanke shawarar ko ya kira ko ya bari, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, har zuwa MCP, ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024, siffar ba ta canza sosai ba: suna, bayani, sai tsarin gurabe da ake rubutawa da JSON Schema, wato hanyar fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa.

Ni aikina rubuta manhaja ne a nan Kaduna, galibi ga dillalan hatsi da masu shagunan sari, irin mataimakin da ke zaune a WhatsApp yana faɗa wa abokin ciniki farashi, yana duba ko kaya sun ƙare, yana shigar da bashi a littafi. Matasa masu koyon wannan sana'a kan turo mini aikinsu in duba, kuma abin da ke damuna shi ne mutum ya ɓata makonni a kan kod, sannan ya rubuta bayanin a layi ɗaya cikin gaggawa. In wakilin ya yi shirme sai a ce injin AI ɗin da ke bayansa ne bai da wayo. Sau da yawa injin ya yi daidai gwargwadon abin da aka gaya masa ne.

Fara da mutum, kafin na'ura

Gwajin farko ba ya buƙatar data ko kwamfuta. Ka kwafe bayanan kayan aikinka duka a takarda, yadda wakilin zai gan su, ba tare da ƙara ko harafi ba. Ka nemo wanda bai taɓa ganin aikin ba. Ni nakan ba ɗaliban Kadpoly da ke zuwa zaman koyon aiki. Sai ka karanta masa saƙonnin abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya, kana tambayarsa: wanne za ka kira, kuma me za ka sa a ciki? Sharaɗin shi ne ka kama bakinka. Duk inda ya ɗago kai ya ce, "Yaya, a nan kuɗin buhu ake nufi ko na mudu?" to ka sa alama, ka samu rami. Kada ka amsa masa da baki, ka koma ka amsa a rubuce cikin bayanin.

Lamarin kamar aiken sabon yaron shago ne a ranarsa ta farko, sai dai yaron in ya rikice zai dawo ya tambaye ka, shi kuwa wakilin sau da yawa zai ƙaddara abin da ya ga ya fi kama, ya wuce, ya ba abokin ciniki amsa cikin ladabi da cikakken tabbaci.

Ga irin bayanin da nake yawan gani. Sunan kayan aikin duba_farashi, bayaninsa kuma: "Yana dawo da farashin kaya." Ba ƙarya a ciki, amma bai amsa ko ɗaya daga tambayoyin da mai aiki da shi zai yi ba. Ga yadda nake so in gan shi:

"Yana dawo da farashin sari na yau na hatsi iri ɗaya a shagon, a naira, na ma'aunin da aka zaɓa. A kira shi idan abokin ciniki ya tambayi nawa ake sayar da abu. Ba ya faɗin ko kayan suna nan ko sun ƙare. Don wannan a kira duba_kaya. Ba ya haɗa kuɗin mota ko na dako, kuma ba ya yin ragi. Idan abokin ciniki bai faɗi ma'auni ba, a tambaye shi, kada a ƙaddara."

Dubi jimlolin da suka fara da "ba ya". Su ne suka fi aiki a wurin. Kowa yana iya faɗin abin da kayan aikinsa ke yi. Wanda ya san aikinsa ne ke tuna ya faɗi iyakarsa da lokacin da bai kamata a taɓa shi ba. In na karanta bayani ban ga inda aka ja iyaka ba, tun nan nake fara zargi.

Daga nan ka jera kayan aikin biyu-biyu, musamman masu kama da juna, ka tambayi kanka ko akwai saƙon da zai iya faɗawa kowanne. In kana da duba_farashi da lissafa_kudi, sai Hajiya ta rubuto "buhu biyar na gero nawa zai kama?", wanne ne? In kai da ka gina su sai ka yi jim kafin ka amsa, to ko dai kowane bayani ya ambaci ɗan'uwansa ya nuna inda suka rabu, ko kuma ka haɗe su su zama ɗaya. Nakan fi son haɗewa. Kayan aiki kaɗan masu iyaka a fili sun fi tarin masu shiga gonar juna. Af, ka lura na rubuta lissafa_kudi ba ƙugiya: OpenAI da Anthropic duk suna karɓar haruffan Turanci ne kawai da lambobi da ɗan layi a sunan kayan aiki, kuma OpenAI ta tsayar da tsawonsa a haruffa 64. Ɗ da ƙ da ɓ sai a cikin bayanin.

Guraben cikewa, inda kuɗin mutane ke salwanta

A nan zan daɗe, don a nan ne abin da mu 'yan Kaduna muka ɗauka kowa ya sani yake zama tarko.

Ɗauki kuɗi. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack suna karɓar adadi ne a kwabo, ba a naira ba, kuma sun faɗi hakan ƙarara a takardunsu. In kayan aikinka na tura takardar biya yana miƙa adadin kai tsaye zuwa gare su, sannan gurbin ka sa masa suna "adadi" kawai, to kayan naira 45,000 wakilin zai rubuta 45000, a cajin abokin ciniki naira 450. Abin da ya kamata ya shiga shi ne 4500000. Gyaran da ya fi shi ne kayan aikin ya karɓi naira, kod ɗinka ya ninka sau ɗari da kansa, ka raba wakilin da lissafin gaba ɗaya. In hakan ba zai yiwu ba, ma'aunin ya fito a sunan gurbin, adadi_a_kwabo, kuma a sa misali a bayaninsa. Duk gurbin lamba da ka gani, tambayar farko ita ce: lambar me?

Sai ma'aunin hatsi. Buhun masara a Saminaka ba nauyinsa ɗaya da buhun shinkafar kamfani mai kilo 50 ba. Tiya da mudu da kwano kuwa girmansu yana bin kasuwa, wani lokaci ma yana bin mai awo. Injin da ya koyi yawancin karatunsa daga rubutun Turanci ba zai san abin da shagon Alhaji yake nufi da tiya ba. Don haka gurbin ma'auni kada a bar shi a buɗe kowa ya rubuta abin da ya ga dama. JSON Schema yana ba da damar a rufe gurbi da zaɓi ƙididdigaggu ta hanyar enum: buhu, rabin_buhu, tiya, mudu. Sannan bayanin ya ce a wannan shagon buhu kilo kaza ne. In na ga gurbin da amsoshinsa ba su wuce biyar ko shida ba amma an bar shi a buɗe, na san mai aikin bai zauna ya yi tunanin abin da zai shigo ba.

Wuri ma haka. Kayan aikin lissafin kuɗin kai kaya yana da gurbi mai suna "unguwa", abokin ciniki ya ce Tudun Wada. Ta cikin garin Kaduna, ko ta Zariya, ko ƙaramar hukumar Tudun Wada ta jihar Kano? Sabon Gari fa? "Kaduna" ita kanta, garin ake nufi ko jihar mai ƙananan hukumomi 23? Mai kai kaya daga Kawo zuwa Kakuri da mai kai su Kafanchan duk "cikin Kaduna" suke, amma kuɗin motarsu ba kusa ba. Bayani mai kyau zai ce, misali, kayan aikin ya san unguwannin cikin gari ne kawai, daga Mando da Kawo zuwa Sabon Tasha da Rigasa, kuma in sunan unguwa yana da takwara a wani gari a tambaya tukuna.

Akwai kuma lambobin da suka yi kama da juna. Lambar waya a Najeriya lambobi 11 ce in an fara da sifili, BVN 11, NIN 11, lambar asusun banki kuwa 10. Gurbin da aka sa wa suna "lamba" gayyatar rikici ne. Ƙari a kan haka, in ka ayyana gurbin lambar waya a matsayin adadi maimakon rubutu, sifilin farko zai faɗi, mai farawa da 080 ta koma mai farawa da 80. Lambar waya da ta asusu a ajiye su a matsayin rubutu, kuma bayanin ya faɗi siffar da ake so, mai sifili ko mai +234.

Kwanan wata ba zan ja shi ba: 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. A ce shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03, a kuma faɗi cewa agogon Najeriya ne, wanda ke gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. In ba haka ba, odar da ta shigo ƙarfe sha biyu da rabi na dare za ta faɗa lissafin jiya. Kuma wakilin ba zai iya sanin jibi ko gata ba sai an gaya masa yau nawa ga wata.

Abin da ke dawowa

Mutane kan tsaya a abin da ke shiga, su manta da abin da ke fitowa. Ka kira duba_kaya a kan waken suya, ya dawo hannu wofi. Ma'anarsa ya ƙare, ko shagon ba ya sayar da shi sam, ko an rubuta sunan ba daidai ba? Amsa uku ce mabambanta ga abokin ciniki, kuma in bayanin bai raba su ba wakilin zai zaɓi ɗaya ya faɗa. Haka saƙon kuskure. "An samu matsala" ba ya kai kowa ko'ina. "Ba a gane ma'aunin ba, zaɓi buhu, rabin_buhu, tiya ko mudu" yana ba wakilin damar gyara kansa nan take. Ni ina lissafa saƙonnin kuskure cikin bayanin kayan aiki, don su ma wakilin karanta su yake yi ya ɗauki mataki.

Kayan aikin da ke taɓa kuɗi ko littafin bashi, su nake dubawa da idon tsoro. Bayanin shigar_da_bashi dole ya faɗi cewa yana canza littafin shago, ya faɗi ko ana iya warware abin da ya yi, ya kuma faɗi abin da zai faru in an kira shi sau biyu. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurin da netwok ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Wakili ya kira, amsa ba ta dawo ba, ya sake kira, sai bashin buhu goma ya zama ashirin a kan bawan Allah. MCP yana da alamomi don irin wannan, readOnlyHint da destructiveHint da idempotentHint, masu nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana ɓarnar da ba ta gyaruwa, ko maimaita shi ba ya ƙara komai. A sa su. Amma tsarin da kansa ya ce nuni ne kawai, ba garanti ba. Jimlar "a nemi izinin mai shago kafin a kira" tana taimakawa, sai dai ba ita za ta tsare amanar Alhaji ba. Kod ɗin ne zai ƙi shigar da komai har sai mai shago ya danna amincewa da hannunsa.

Gwajin gaske

Bayan mutum ya karanta ya gane, sai na'ura. Ka tara saƙonni talatin ko arba'in na gaske daga wayar shagon, da izinin mai shago, ka goge sunaye da lambobin mutane. Na gaske nake nufi, yadda ake rubuta su: ba ƙugiya, ba waƙafi, Hausa gauraye da Turanci, wani ma saƙon murya ne da na'ura ta juya ta yi masa kwaskwarima. "Slm Alhaji nawane masara yanzu." "A samin biyu a littafi sai ranar Jumaa." "Wancan na jiya a kara min irinsa." In ka zauna ka ƙirƙiro saƙonnin da kanka, da kalmomin bayaninka za ka rubuta su ba tare da ka sani ba, gwajin ya zama ka tambayi kanka ka ba kanka amsa.

A gaban kowane saƙo ka rubuta abin da ya kamata ya faru tun kafin ka gwada: kayan aiki kaza da gurabe kaza, ko a yi tambaya, ko kada a kira komai. Kada ka raina wannan kaso na ƙarshe. Ciniki a wurinmu da gaisuwa yake farawa, wani zai yi sallama ya tambayi iyali da gajiya, wani ta'aziyya ya zo yi, wani godiya. Wakilin da ke ruga wa duba_farashi don an ce "ya kasuwa?" bayaninsa ya yi faɗi da yawa. Hatta jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wanda aka fara a 2024, yana da sashen da ke auna ko inji ya san lokacin da babu kayan aikin da ya dace. Sai dai wancan injuna yake aunawa. Bayaninka kuwa ba wanda zai auna maka shi a kan saƙonnin mutanen Kasuwar Bacci sai kai.

Kowane saƙo a gwada shi fiye da sau ɗaya, don injin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Wanda ya ci yau ya faɗi gobe, yana gaya maka bayanin a bakin gaɓa yake. Kuma kada ka tsaya a ƙirga nawa aka ci nawa aka faɗi, ka buɗe waɗanda suka faɗi ka karanta abin da wakilin ya tura harafi da harafi. A nan za ka ga ya sa "masara fara" inda rumbun bayananka ya san "farar masara", ko ya ɗauki "biyu" a matsayin mudu biyu alhali mai saƙon dillali ne da bai taɓa sayen ƙasa da buhu ba. In za ka gyara, jimla ɗaya za ka canza, ka sake gwada saƙonnin gaba ɗaya, don gyaran da ya warkar da wannan yakan karya wancan.

Tambayar da ake yawan yi mini: da wane harshe za a rubuta? Misalan nan da Hausa na kawo su don mu fahimci juna. A aikina galibi da Turanci nake rubuta gangar jikin bayanin, don a nan injunan suka fi ƙarfi, kuma Hausa ta fi cin tokin, wato gutsattsarin rubutun da ake cajin kuɗi a kansu. Amma nakan cusa kalmomin da abokan ciniki ke faɗa da Hausarsu, in ce in an ce "a sa a littafi" ko "sai na zo" to bashi ake nufi. Wannan ra'ayina ne. Kai ka gwada duka biyun a kan saƙonninka ka ga wanda ya fi ci.

Tsawo fa? Takardun Anthropic sun ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, fiye ma in yana da sarƙaƙiya, kuma na yarda da su, don gajarta ce cutar da ta fi yawa. Amma ka tuna bayanan nan suna tafiya tare da kowane saƙo, ana biyan kuɗinsu da dala. Hanyar tacewa mai sauƙi ce: cire jimla, sake gwaji, in ba abin da ya canza to ba ta aiki. Kirari irin "kayan aiki mai inganci da sauri" shi ke fara tafiya. Haka ihu da manyan haruffa, DOLE da KULLUM. Abin da na gani shi ne sababbin injuna suna ɗaukar ihun da gaske har su riƙa kiran kayan aikin inda ba a buƙatarsa. Faɗin dalili a jimla ɗaya ya fi ihu tasiri.

Saura bayanin da ba kai ka rubuta ba. Yanzu mutum kan sauko da sabar MCP ta wani, wato kunshin kayan aikin da wani ya riga ya haɗa, daga intanet ya jona wa wakilinsa cikin minti kaɗan. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani a fuskar manhaja amma injin yana karantawa ya bi, har ya kwashe bayanan sirri ya tura waje. Don haka kafin ka jona, ka fito da cikakken rubutun bayanin ka karanta shi duka. Kayan aikin lissafi da ke cewa a karanto wani fayil, ko a ɓoye wa mai amfani wani abu, ko yake ba da umarni a kan yadda za a yi da wasu kayan aikin, a cire shi. Kuma da yake mai sabar yana iya canza bayanin bayan ka amince, ka ajiye kwafin wanda ka karanta, ka tsayar da sigar da kake amfani da ita, duk sabuntawa ka gwama sabon rubutun da tsohon kafin ya kai ga wayar shagon. Naka bayanan ma su zauna a Git, ma'ajin da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, tare da kod ɗin, da saƙonnin gwajin a gefensu, a sake gudanar da su duk ranar da aka canza inji ko aka ƙara kayan aiki.